Kwafi: sata ko kyauta? Tarihin wata gardama daga Unix zuwa wayar salula

A watan Fabrairu na shekara ta 1976, wani saurayi ɗan shekara ashirin mai suna Bill Gates ya aika wa masu sha'awar kwamfuta na ƙasar Amurka wata buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi. Shi da abokinsa Paul Allen sun rubuta manhajar BASIC domin wata ƙaramar na'ura da ake kira Altair, a zamanin da ake ajiye manhaja a kan dogon ƙyallen takarda mai huji-huji. Ƙyalle ɗaya ya faɗa hannun ƴan ƙungiyar Homebrew ta jihar Kaliforniya, suka buga shi da yawa, suka shiga rabawa a tarukansu. Gates ya kira abin da sunan sata, ya ce in haka za a ci gaba, babu gwanin da zai ɓata shekaru yana rubuta manhaja mai kyau. Su kuwa ƴan ƙungiyar ba su ga abin da suka sata ba, tunda manhajar tana nan hannun mai ita, ba wanda ya rage masa ko harafi ɗaya. Shekara hamsin ke nan ana wannan gardama. Ta fita daga ɗakunan injiniyoyi ta shiga kotuna da majalisu, ta girgiza kasuwar waƙa ta duniya, har ta iso rumfunan masu tura waƙoƙi a waya a kasuwannin Maraɗi da Damagaram.

Tushen gardamar a fili yake. Wanda ya ba maƙwabcinsa tiyar gero ya rasa tiya guda. Wanda ya koya masa waƙa bai rasa kome ba. An ƙirƙiro dokar haƙƙin mawallafi ne domin a sa waƙa da littafi su yi kama da gero, su zama abin da ake iya sayarwa. Ingila ta fara a 1710, ta ba marubuci ikon littafinsa na shekara 14. A Faransa, cikin 1847, wani marubucin waƙa mai suna Ernest Bourget ya ƙi biyan kuɗin abin da ya sha a wani gidan shaƙatawa na Paris, saboda ana kaɗa waƙarsa a wurin ba a biya shi ba. Kotu ta ba shi gaskiya, kuma daga wannan shari'a aka kafa SACEM a 1851. Yarjejeniyar Berne ta 1886 ta sa ƙasashe suka amince su kare haƙƙin marubutan juna. Amma duk waɗannan dokoki sun jingina ga abu guda: kwafi yana da tsada, sai mai injin ɗab'i ko mai masana'antar faifai ke iya yin sa da yawa, don haka mutanen da hukuma za ta sa wa ido ba su da yawa. Kwamfuta ta zo ta rushe wannan jingina, domin ita ba ta iya ko buɗe abu ba tare da ta kwafe shi ba.

Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ke tsaye tsakanin ƙarfen na'urar da sauran manhajojin da ake aiki da su. Kowace manhaja kuma tana da rubutun tushe, wato abin da ɗan Adam ya rubuta da hannunsa kafin a juya shi zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke fahimta. Wanda aka sayar wa lambobin kawai, kamar wanda aka ba jiƙon magani ne ba a gaya masa saiwoyin ba: zai sha, amma ba zai iya gyara haɗin ba, ba zai kuma san abin da ke ciki ba. Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan bincike na Bell a 1969, ta yaɗu a jami'o'i tare da rubutun tushenta. Ba karamci ne ya kawo haka ba; wata yarjejeniya da gwamnati ta 1956 ce ta hana kamfanin tarho na AT&T shiga wata kasuwa ban da ta sadarwa. Ɗalibai da malamai, musamman na Berkeley, suka yi ta gyara Unix suna aika wa juna. Da aka wargaza kamfanin a 1984, hanin ya faɗi, Unix ta koma haja mai tsada, aka rufe tukunya.

Richard Stallman, na ɗakin binciken jami'ar MIT, ya riga ya ga inda aka dosa. Labarin da ya sha bayarwa shi ne na wata na'urar buga takarda ta Xerox da ke yawan maƙalewa. Ya so ya gyara manhajarta don ta riƙa sanar da mutane in takarda ta maƙale, ya je wurin wani mai bincike da ke da rubutun tushen, mutumin ya hana shi saboda ya sa hannu a takardar alkawarin ɓoye sirri. A ganin Stallman, wannan alkawari ne na cin amanar maƙwabci tun kafin a san ko wane ne. A watan Satumba na 1983 ya yi shelar zai rubuta uwar manhaja mai kama da Unix wadda kowa zai mallaka, ya sa mata suna GNU, ya kafa gidauniya a 1985. Ya ce manhaja ba ta zama mai ƴanci sai mai ita yana da ikon aiki da ita yadda ya so, da nazarin cikinta, da raba ta, da raba gyaran da ya yi mata.

Dabararsa mafi girma ba ta injiniya ba ce, ta shari'a ce. Lasisin GPL na 1989 bai yi watsi da haƙƙin mawallafi ba. Da shi ma ya yi makami. Marubuci yana riƙe haƙƙinsa, sannan ya ce: kowa ya ɗauka, ya canza, ya sayar ma in ya so, da sharaɗin duk wanda ya miƙa wa manhajar ya miƙa masa rubutun tushe da irin ƴancin da shi ma ya samu. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Da wannan sharaɗi, kamfani ba shi da hanyar ɗebe aikin jama'a ya kulle a gidansa.

Zuwa 1991 GNU ta tara kusan dukan kayan aiki, sai ƙwayar tsakiya da ke magana da ƙarfen na'ura. Wani ɗalibin jami'ar Helsinki ɗan shekara 21, Linus Torvalds, ya sanar ranar 25 ga Agusta cewa yana rubuta irin wannan ƙwaya don sha'awa kawai. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka shiga aiko da gyara ta intanet, Linux ta kai siga ta 1.0 a watan Maris na 1994.

Nasara ce ta raba gidan. A 1998, shekarar da kamfanin Netscape ya buɗe rubutun tushen manhajarsa, Eric Raymond da Bruce Perens da wasu suka ga maganar ƴanci tana tsorata ƴan kasuwa, suka zaɓi sabon suna, buɗaɗɗen tushe. Hujjarsu ta aiki ce: idanu da yawa sun fi saurin gano kuskure, don haka manhajar da ke buɗe ta fi inganci. Stallman ya ƙi sunan har yau, yana cewa ko da rufaffiyar manhaja ta fi kyau, bai halatta a ɗaure mai aiki da ita ba. Wani ɓangare na rikicin laifin harshen Ingilishi ne, wanda kalma ɗaya ke ɗauke masa ma'anoni biyu. Faransanci ya bambanta libre da gratuit, kamar yadda Hausa ta bambanta abu mai ƴanci da abin kyauta, kuma Bahaushe ya san ana iya ba mutum tuwo kyauta a gidan kaso.

Kamfanoni sun fara da zagi. A 2001 shugaban Microsoft, Steve Ballmer, ya kamanta Linux da ciwon kansa saboda sharaɗin GPL. Gwamnatoci kuwa suka yi ta kai da kawowa: birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, majalisarsa ta janye a 2017, alhali jandarmomin Faransa sun bi hanyar tun 2008 sun ɗore. Wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar da Ubuntu a watan Oktoba na 2004, ya riƙa aika faifanta kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya har 2011, abin da ya amfani ƙasashen da intanet ɗinsu ba ta da ƙarfin sauke manhaja mai nauyi. A 2016 Microsoft ɗin da kansa ya shiga gidauniyar Linux. Daga watan Nuwamba na 2017, dukan manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya da Linux suke aiki, kuma tun 2008 ƙwayarta ke cikin kowace wayar Android. Sai dai nasarar ta fi kama da ta Raymond. Mai wayar Android yana ɗauke da Linux a aljihu, amma yawancin abin da ke samanta a kulle yake, ba ya iya taɓa shi. Tambayar Gates ma ba ta mutu ba. A 2014, da aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed, duniya ta farga cewa manhajar OpenSSL, wadda ke tsare sirrin bankuna da manyan kamfanoni, mutane ƙalilan ne ke kula da ita, kusan babu albashi.

A fagen waƙa gardamar ta fi zafi, domin a nan ba mai kayan ne ya ce a ɗauka ba. Tsoron kwafi ya girmi intanet: kaset ɗin da Philips ya fitar a 1963 ya sa kamfanonin faifai na Ingila suka yi yaƙin cewa naɗar gida za ta kashe waƙa, Faransa kuma a 1985 ta ɗora haraji a kan kaset mara kome don a biya mawaƙa. Amma kaset yana raunana a kowane kwafi, na biyar ya zama shuu. Abin da ya canza lissafin shi ne aikin Karlheinz Brandenburg da abokansa a cibiyar Fraunhofer ta Erlangen. Sun yi amfani da wani hali na kunnen ɗan Adam: in ana kaɗa ganga, ba a jin ƙarar zoben da ya faɗi. Sai na'ura ta zubar da duk sautin da kunne ba zai ji ba, waƙa ta ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinta a faifan CD. An sa wa fayil ɗin suna MP3 a watan Yuli na 1995. Kwafinsa na dubu daidai yake da na farko.

A watan Yuni na 1999 wani ɗalibi, Shawn Fanning, ya saki Napster. Waƙoƙin ba a wurinsa suke ba, suna cikin kwamfutocin mutane. Shi dai yana riƙe da rajistar wane ke da me. Cikin shekara biyu miliyoyin mutane suka shiga. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta kai ƙara a watan Disamba na 1999, ƙungiyar mawaƙa ta Metallica ta bi a Afrilu na 2000, har ta kai sunayen masu amfani fiye da dubu 300. Mawaƙa kansu ba su haɗa baki ba. Chuck D ya goyi bayan Napster, Courtney Love kuma ta tsaya a gaban taro a wannan shekara ta yi lissafin yadda kwangilar kamfani ke barin mawaƙi da bashi bayan ya sayar da faifai miliyan, ta ce a nan ya kamata a nemi ɓarayi. Rajistar nan ce ta ci Napster, domin kotu ta ce wanda ya san abin da ke wucewa ta hannunsa yana iya hanawa. Aka rufe shi a Yuli na 2001. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Gnutella ta riga ta fito a 2000 ba tare da rajista a wuri ɗaya ba, Kazaa da BitTorrent suka biyo a 2001.

Da aka rasa kan da za a sare, sai aka juya kan masu sauraro. A Satumba na 2003 aka kai mutum 261 ƙara a Amurka, cikinsu har da yarinya ƴar shekara 12, kuma kafin a daina a ƙarshen 2008 an taɓa dubun-dubatar mutane. A 2007 aka yanke wa wata mata a jihar Minnesota tarar dala dubu 222 saboda waƙa 24. Kamfanin Sony BMG kuwa a 2005 ya ɓoye a faifansa wata manhaja mai shiga kwamfutar mai saye ba da saninsa ba don ta hana kwafi, ta buɗe ƙofa ga masu kutse; ranar nan maganar Stallman ta daina zama ta masu falsafa. Faransa ta kafa hukumar Hadopi a 2009 don aika gargaɗi ga masu sauke waƙa, aka narkar da ita cikin Arcom a 2022. Asarar kuwa ta gaske ce: kuɗin faifai a Amurka ya faɗo daga sama da dala miliyan dubu 14 a 1999 zuwa kimanin rabin haka a 2014. Abin da masana tattalin arziki suka kasa daidaitawa a kai shi ne kason da rabon fayil ya ɗauka cikin wannan faɗuwa. Oberholzer-Gee da Strumpf sun wallafa a 2007 cewa ba su ga tasirin a lissafinsu ba, Stan Liebowitz ya ce lissafin ne ke da gyara. Abin da ya rage rabon fayil a ƙarshe sauƙi ne: shagon iTunes na 2003 mai sayar da waƙa ɗaya senti 99, sannan Spotify na 2008, wanda a farkonsa da dabarar rabon fayil ɗin yake aiki, ɗaya daga cikin maginansa ma shi ya rubuta µTorrent. Kamfanoni sun farfaɗo, mawaƙa da yawa suna kukan abin da ke isa hannunsu, mai sauraro kuma ya koma ɗan haya.

Manhajar haɗa kiɗa ta bi wata hanya dabam. Cubase ta fito a 1989, Pro Tools a 1991, Auto-Tune a 1997, FruityLoops ta wani kamfanin Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990. Su suka sauko da situdiyo daga ginin miliyoyi zuwa ɗaki ɗaya da kwamfuta ɗaya. Masu ƴanci sun yi nasu, Audacity a 2000 da Ardour, kuma Audacity ta samu gindin zama a ƙananan gidajen rediyo da makarantu. Amma a situdiyon matasa, daga Legas zuwa Yamai, ba su ne suka yi rinjaye ba; fasassun kwafin manhajojin kuɗi ne suka cika wurin. A nan akwai abin lura: babban abokin gābar manhaja mai ƴanci a ƙasashen talakawa shi ne kwafin sata, domin wanda ya sami Windows da FruityLoops a faifan kasuwa ba shi da dalilin koyon wata. Gates ya gane haka tun 1998, lokacin da ya faɗa wa ɗalibai game da ƙasar Sin cewa in dai za a sata, gara a saci tasa, a saba da ita, kuɗi ya zo daga baya.

A ƙasashen Sahel an shiga wannan tarihi ta ƙofar baya. Makaɗan gargajiya irin su Ɗan Gurmu na Tawa ko Mamman Shata ba daga sayar da faifai suka ci abinci ba. Kyautar ubangida da karin biki ne arzikinsu, kuma duk kaset ɗin da ya yi nisa sunansu yake kai wa nesa. Kaset ɗin Tinariwen da na Abdallah Oumbadougou sun ratsa hamada hannu da hannu a shekarun 1980 da 1990, babu kamfani babu shago, a lokacin da riƙe su ma hatsari ne. Da waya mai katin ajiya da Bluetooth ta zo, sai kowace tasha ta zama Napster ba tare da intanet ba. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato cikin 2008, da Auto-Tune irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a fitar da shi kasuwa ba, waya ce ta ɗauke shi har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji shi. Ya sa waƙa ɗaya a faifan Music from Saharan Cellphones na 2011, ya bi sawu har ya samo mai ita, kuma daga nan hanyar manyan dandamalin duniya ta buɗe wa mawaƙin.

Labarin yana da daɗi, amma ba shi kaɗai ba ne. Brian Larkin ya nuna a littafinsa na 2008 cewa kasuwar finafinan Kano ta ginu ne a kan injuna da hanyoyin masu kwafin finafinan Indiya da Amurka. Bayan ƴan shekaru, masu tura fim a waya suka karya cinikin faifan da masu shirya fim ke mayar da jarinsu da shi, da yawa suka koma YouTube. Kwafi yana yi wa mai gita da ake gayyata biki hidima, yana cutar wanda ya zuba kuɗi tun farko ba shi da dandalin da zai hau. Nijar tana cikin yarjejeniyar Bangui ta 1977, tana da ofishin BNDA mai karɓar haƙƙin mawaƙa, sai dai irin wannan tsari an gina shi ne don gidan rediyo da zauren wasa, waɗanda ke da adireshi, ba don waya dubu da ke musayar waƙa a ranar kasuwa ba.

Malaman harsunan gida sun ɗanɗani gardamar ta wani gefe. Waɗanda suka buga littattafan Hausa a shekarun 1990 da haruffa na musamman sun san yadda ƙ da ɗ da ƴ ke rikiɗewa su zama shirme da zarar fayil ya koma wata na'ura. Ma'aunin Unicode, wanda ba na kamfani ɗaya ba ne, da haruffa irin su Charis da Doulos da SIL ta saki ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi daga 2005, su suka warware matsalar. Haka batun yake ga ƙungiyoyin da ke juya tsofaffin kaset zuwa fayil: siffar da aka zaɓa da wurin da aka ajiye su ne za su nuna ko jikoki za su ji muryar. MP3 kanta ba ta fita daga hannun masu rajistar ƙirƙira ba sai 2017. A 2019 kuma kamfanin MySpace, wanda mawaƙa suka damƙa wa ayyukansu shekara da shekaru, ya sanar cewa ya rasa waƙoƙin da aka ɗora daga 2003 zuwa 2015, kimanin miliyan 50, wajen sauya ma'ajiya. Daga baya Internet Archive ta fito da kimanin dubu 490 daga cikinsu. Wasu masu bincike ne suka kwafe su tun da daɗewa suka ajiye.